Wat nawa ce, kuma me ya ƙona ta? Tambayoyi da amsoshi kan sifika mai amfilifaya a ciki

Waɗannan amsoshi na masu hulɗa da kayan sauti ne: mai ba da hayar kaya a wuraren biki da wa'azi, ɗan kwamitin masallaci da aka danƙa wa kuɗin jama'a ya sayo sifika, mai gidan kallon ƙwallo, da mai gyaran lantarki da ake kawo wa kaya bayan sun mutu. Yawancin tambayoyin a kan abu biyu suke tsayawa, lambar wat da ke jikin kwali da jar fitilar da ke bayan sifika.

Mene ne bambancin sifika aktif da fasif?

Fasif ita ce wadda aka saba da ita tun da. Akwati ne da wufa (babbar sifikar sauti mai kauri) da tuwita (ƙaramar sifikar siririn sauti) a ciki, sai a jawo mata waya daga amfilifaya, wato na'urar ƙarfafa sauti, da ke ajiye daban. Amfilifayar ba ta san wace sifika aka rataya mata ba, ita dai turo wuta take yi. A cikin akwatin akwai kurosoba, wadda ke raba sautin bayan an riga an ƙarfafa shi, mai kauri ya tafi wufa, siriri ya tafi tuwita.

Aktif kuwa amfilifayarta na manne a bayanta. Amma ba rage tarin waya ne babban amfaninta ba. A mai inganci, tun sautin yana ƙarami ake raba shi, kafin ya shiga amfilifaya, sannan wufa na da tata amfilifayar, tuwita ma haka. Injiniyan da ya ƙera ta ya san ainihin wufar da ya sa, ya san zafin da za ta ɗauka da nisan da za ta iya motsawa, don haka ya kafa mata iyaka daidai ita. Wannan ne abin da kake biya wa kuɗi.

A ɗakunan naɗar sauti aka fara wannan tsari. Kamfanin Klein + Hummel na Jamus ya fitar da irinta a 1967, Genelec ya kafu a Finland a 1978 da sifikar da ya ƙera wa gidan rediyon ƙasar. A 1995 Meyer Sound na Amurka ya kai tsarin manyan filayen taro da MSL-4, a shekarar ce kuma JBL ya fitar da EON, sai Mackie SRM450 ta biyo baya a 1999. Daga nan ta zama kayan kowa.

A kula da abu ɗaya. Ba duk sifika mai soket ce ke da wannan tsari ba. Da yawa daga masu araha, musamman masu taya da batir da wurin sa filasha, amfilifaya ɗaya ce tal a ciki, da ƙaramar kafasita a gaban tuwita. Irin waɗannan kariyarsu kaɗan ce ko babu.

Mai wat 2000 ta ninka mai wat 1000 ƙara?

A'a. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙara), bambancin da kunne ke ji amma ba ya girgiza kowa. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninku, sai an ƙara kamar desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma.

Lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Ɗauki wadda ke ba da desibel 97. Da wat 10 za ta ba da 107, da wat 100 ta ba da 117, da wat 500 kusan 124, da wat 1000 ta kai 127, a lissafin takarda ke nan. Duba yadda wat 100 na farko suka yi kusan dukan aikin, ragowar 900 kuma suka ƙara desibel 10. Wata sifikar da ke farawa daga 94 sai ta ci wuta ninki biyu kafin ta kamo wannan.

Ga misali daga kayan da aka sani. QSC K12 ta 2009 da sunan wat 1000 aka sayar da ita, K12.2 ta 2017 kuma da sunan wat 2000. Iyakar ƙarar da kamfanin ya rubuta wa ta farko desibel 131 ne, ta biyu 132. Lambar wat 1000 ta ƙarfin da ke ɗorewa ce, ta wat 2000 kuma ta ƙololuwa ce, shi ya sa ba a gwada su kai tsaye. Sannan 2000 ɗin nan kimantawa ce: 1800 na wufa ne, 225 na tuwita. Idan za ka kwatanta sifikoki aktif guda biyu, duba layin da aka rubuta SPL, wato iyakar ƙara a desibel, ka kuma saurare su kusa da juna da sauti iri ɗaya.

RMS, Program, Peak, PMPO: wanne zan yarda da shi?

Wanda aka rubuta RMS ko AES shi ne mafi kusa da gaskiya, domin yana nufin ƙarfin da abu ke ɗauka na tsawon lokaci. Ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta kafa ma'aunin a 1984: a sa wa sifika wani irin shuuu na gwaji tsawon awa biyu, a ga ƙarfin da za ta jure ba tare da ta lalace ba. An sabunta ma'aunin a 2012. Program yawanci ninki biyu ne na wannan lamba, Peak kuma ninki huɗu. Wufa ɗaya za a iya kiranta mai wat 400, ko 800, ko 1600, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

PMPO ba shi da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Kada ka sa shi a lissafi sam.

Akwai gwajin da za ka yi a tsaye a shago. Juya bayan sifikar ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Idan fiyus ɗinta na amfiya 2 ne a wutar bolt 230, abin da za ta iya ja a kai a kai bai wuce wat 460 ba. Tana iya fitar da fiye da haka na ƙiftawar ido daga abin da kafasitocinta, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinta, suka tara, wannan halal ne, da shi ake buga ganga mai ƙarfi. Amma ba za ta taɓa fitar da wat 5000 mai ɗorewa ba.

To, me ke kashe sifika a zahiri?

Abu biyu: zafi da wuce iyakar motsi. Duk sauran dalilan da ake ambata, ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi suke shigowa.

Tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a 1925 shi ne har yau a cikin akwatinka. Siririyar wayar jan ƙarfe ce aka naɗe ta zama koyil, aka rataye ta a wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu, aka manna ta da takardar wufa. Wuta ta bi koyil, koyil ya yi gaba da baya, takarda ta tura iska. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ɗan kaɗan ne daga wutar ke zama sauti. A wufar da aka saba gani, cikin wat ɗari da ka tura, da ƙyar biyu zuwa biyar ke fita a matsayin ƙara. Ragowar duk zafi ne, kuma a jikin wannan siririyar waya yake taruwa. Ka tuna hitar da ake tsomawa a bokiti a dafa ruwan wanka, aikin koyil bai yi nisa da nata ba, sai dai shi ba ruwan da zai sanyaya shi. Koyil na iya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos a tsakiyar aiki. Idan zafin ya ci gaba da hawa, gam ɗin da ke riƙe da wayar ya narke, fentin da ya raba zagaye da zagaye ya ƙone, wayar ta haɗe ko ta tsinke.

Zafi ba nan take yake kisa ba. Bugu ɗaya mai ƙarfi na ɗan lokaci ba ya ƙona koyil. Matsakaicin ƙarfin da aka daɗe ana turawa shi ne ke ƙona shi. Shi ya sa muryar mai wa'azi, da ke da hutu tsakanin kalma da kalma, ba ta wahalar da wufa kamar kiɗan zamani da aka matse shi a sitidiyo har ya zama ba shi da gangara.

Na biyu kuwa nan take yake yi. Takardar wufa na da iyakar nisan da za ta iya tafiya, 'yan milimita ne kawai. Duk lokacin da sauti ya ƙara kauri, tafiyar na ƙaruwa da sauri mai ban tsoro: ka raba yawan karkaɗawar sauti biyu, sai takarda ta yi tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Abin da ke buƙatar milimita 2 a Hz 100 (karkaɗawa 100 a daƙiƙa) zai nemi 8 a Hz 50, ya nemi 32 a Hz 25. Idan ta wuce iyaka, gindin koyil ya daki ƙarfen baya ya lanƙwashe, ko ya fito daga raminsa ya kasa komawa, ko takardar ta yage. Ramin iskar nan da ke gaban akwati yana taimakon wufa a wani yanki na bes, wato sauti mai kauri, amma ƙasa da wannan yanki sakinta yake yi gaba ɗaya, ta riƙa lilo ba sauti. Makirfo ya faɗi ƙasa, ko a zare waya alhali sifika na kunne, duk ta wannan ƙofa suke ɓarna.

Me ya sa sifika ke rage ƙara idan taro ya yi nisa, alhali ban taɓa komai ba?

Jan ƙarfe idan ya yi zafi yana ƙara tauye wuta, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Koyil ɗin da mita ke nuna om 6 (om shi ne ma'aunin tauye wuta) yana sanyi, idan ya ƙara digiri 200 zai wuce om 10. Amfilifaya na turo abin da ta saba, amma wutar da ke shiga ta ragu kusan rabi. Ƙara ta sauka da desibel biyu zuwa uku, wani lokaci fiye.

A nan ne mafi yawan sifikoki ke mutuwa. Mai kula da miksa, wato na'urar haɗa sautuka da daidaita su, ya ji ƙara ta ragu, ga kunnensa ma ya gaji, ga jama'a sun ƙaru suna shanye sauti, sai ya ƙara murɗawa. Zafi ya ƙaru, ƙara ta ƙara raguwa, ya sake murɗawa. Raguwar nan gargaɗi ce. Idan ka ji ta, sassauta bes, ka rage kaɗan, ka ba koyil damar hucewa.

Jar fitilar da aka rubuta wa LIMIT tana kamawa. Lalacewa ce?

Ba lalacewa ba ce, limita ce, wato na'urar da ke hana wuta wuce iyaka, ke aikinta. Idan tana ƙyaftawa jefi-jefi tare da bugun ganga, babu damuwa, kana bakin iyaka ne. Idan ta tsaya cak tana ci, ka wuce gona da iri, kuma duk abin da ka ƙara daga nan zafi kake ƙarawa, ƙara ba za ta ƙaru ba.

A sifika mai inganci limitar ba ɗaya ba ce. Akwai mai sauri, da ke kama ƙololuwar sauti cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, don kada amfilifaya ta kai maƙura. Akwai mai jinkiri, da ke lura da matsakaicin ƙarfi na daƙiƙoƙi, tana ƙiyasta zafin koyil, ta rage wuta a hankali. Akwai matatar da ke datse bes ɗin da ya yi kaurin da akwatin ba zai iya fitarwa ba, kuma a wasu sifikokin wurin datsewar yana hawa sama idan an ƙure ƙara, shi ya sa kake jin bes ya janye amma murya na nan. Ita kanta amfilifayar tana da nata matakan: ta ɗauke idan ta yi zafi, ko aka samu shot, ko wuta mai tafiya gefe ɗaya ta ɓalle za ta nufi koyil. Wannan ne ke kunna fitilar PROTECT. A yawancin sifikokin zamani, lissafin limita wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ake kira DSP ke yin sa.

Wayar da ke aljihunka ma haka take. Tun wajen 2012 aka fara sa wa wayoyi amfilifayar da ke auna wutar da ke bin koyil tana gane zafinsa da motsinsa, shi ya sa 'yar mitsitsiyar sifika ke iya wannan ƙara ba ta ƙone ba.

Wasu masu gyara sukan yi tayin cire limita wai don sifika ta saki jiki. Kada ka yarda. Ɗan abin da za ka samu bai kai desibel ɗin da za ka lura da shi ba, abin da za ka rasa kuwa wufa ce da tuwita.

Idan tana da duk wannan kariya, ta yaya tawa ta ƙone?

Domin limita ƙiyasi take yi, ba ta ganin cikin koyil. An saita ta ne bisa zaton sauti na hawa yana sauka, da iska mai matsakaicin zafi, da wufar asali. Idan aka tsare ta a ja awa huɗu, an maida sautin duka ya zama ƙololuwa, babu hutu, zafi na taruwa a maganaɗisu har ya daina karɓar zafin koyil. Kamfani kuma ba ya matse limita sosai, don idan ya matse, sifikarsa za ta kasa ta abokin gasa a shago.

Sai kuma sautin da ya lalace tun kafin ya iso. Idan fitilun miksa na ja, ko an haɗa waya ta hanyar da ta fi ƙarfin mashigin, sautin ya riga ya farfashe, sifika kuma ba ta iya gyara shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne makunnin nan na MIC da LINE. Makirfo ɗan siririn sigina yake fitarwa, miksa kuwa tana fitar da sama da bolt ɗaya. Idan ka kawo waya daga miksa ka bar makunni a MIC, ka ninka siginar sau da yawa, kuma tun a ƙofa za ta farfashe ko da maɓallin ƙara na ƙasa-ƙasa.

Gaskiya ne ƙaramar amfilifaya ta fi babba kashe sifika?

Akwai gaskiya a ciki, amma an faɗe ta a karkace. Ƙaramar amfilifaya da ba a ƙure ta ba, ba ta kashe komai. Matsalar tana farawa ne idan aka tilasta mata ta ba da abin da ba ta da shi. Sai ta riƙa sare kan igiyar sauti, igiyar da ya kamata ta yi lanƙwasa ta koma mai kusurwa. Igiyar da aka sare sarai tana ɗauke da ƙarfi ninki biyu na lafiyayya mai tsayi iri ɗaya. Ƙari a kan haka, bes ne ke fara kaiwa maƙura ya tsaya, siririn sauti kuwa yana ci gaba da hawa muddin ana murɗawa, kuma duk tuwita yake nufa. Wato ƙarshenta dai wuta ce ta yi yawa. Babbar amfilifaya ma na ƙona sifika, ta ma fi sauri. A aktif an riga an daidaita wannan tun daga masana'anta, wanda ya rage maka shi ne tsabtar abin da kake turo mata.

Me ya sa kullum tuwita ce ke fara mutuwa?

Koyil ɗinta ƙarami ne, wayarsa kamar gashi, ba shi da jikin da zai ɗauki zafi. Wufa na iya jure ɗaruruwan wat, tuwita kuwa 'yan gomomi. A sauti na yau da kullum wannan ya isa, don kasonta kaɗan ne. Kukan makirfo shi ne ajalinta: wannan tsiiii da ke tashi idan makirfo ya fuskanci sifika sauti ɗaya ne mai ɗorewa a cikakken ƙarfi, kuma yawanci a yankin tuwita yake faɗawa. Daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Sifika ta kasance gaba da mai magana, tana kallon jama'a. Kada mai magana ya dunƙule kan makirfo a tafin hannu, kada kuma a ajiye makirfo a kunne a tafi.

Ina son bes ya riƙa dukan ƙirji. In ƙure maɓallin bes?

Ƙara desibel 6 a maɓallin bes yana nufin ka nemi wufa ta ci wuta ninki huɗu a wannan yanki. Desibel 10, ninki goma. Sifika mai inci 12 ko 15 a kan sanda ba ta da wannan rarar, limita za ta kama, ta danne har muryar mawaƙi. Bes mai dukan ƙirji aikin sob ne, wato akwatin da aka yi don bes kaɗai. Idan ka kawo sob, ka danna makunnin da ke datse bes daga na sama, wato na kan sanda, yawanci wajen Hz 80 zuwa 120. Nan take za ka ji na saman sun sami sarari, sun fi tsabta, sun kuma fi ƙara, domin ka sauke musu aikin da ya fi wahalar da su.

Janareta da rabin wuta fa?

Wannan tambaya ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka rubuta littafin da ke zuwa cikin kwali. Yawancin aktif na yanzu amfilifayar Class D ce a ciki, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ja zuwa aiki, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ba ta cin wuta sosai. Wasu an rubuta musu 100 zuwa 240, waɗannan suna jure hawa da saukar wuta. Wasu 220 zuwa 240 kawai, su kam idan wuta ta yi rauni ƙarfinsu na raguwa, su riƙa ɗaukewa suna dawowa. Karanta bayan taka.

Abin da ya fi rabin wuta haɗari shi ne tsallen wuta. Ƙaramin janareta marar na'urar daidaita wuta, idan wani babban kaya ya ɗauke daga kansa, ko mai ya fara ƙarewa yana tari, wutarsa na yin sama da ƙasa. Wannan ba wufa yake kashewa ba, allon wutar amfilifaya yake kashewa, kuma gyaransa ya fi tsada. Kada ka haɗa sifika layi ɗaya da firiza, injin jan ruwa ko na walda. Ta da janareta, bar shi ya daidaita, kunna miksa, sifika ce ƙarshe. Wajen kashewa sifika ce farko. Zuba mai kafin taro, ba a tsakiyarsa ba. A zaɓi janaretan da ƙarfinsa ya zarce abin da kaya ke ja da rata mai kyau, domin bes fizgar wuta yake yi. Sitabilaiza na taimakawa idan babba ce, ƙarama kuwa ita kanta sai ta zama maƙogwaron da ke shaƙe wutar. Doguwar siririyar waya daga janareta zuwa dandamali ita ma rabin wuta take haifarwa, ko da janaretan lafiya lau yake.

Zafin rana da ƙurar hunturu na yi mata illa?

Sosai. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu na wuce digiri 40 a inuwa, baƙin akwati a tsakar rana kuwa ya fi haka nesa. Amfilifaya ta fara aiki ke nan tana dab da iyakarta. A yi mata rumfa, a bar sarari a bayanta, kada a jingina ta da bango ko a lulluɓe ta da kyallen ado. Ƙura na toshe fanka da ƙarfen sanyaya, a riƙa hure su da buroshi mai laushi bayan an zare soket.

Wufata ta ƙone. In sa kowace mai inci ɗaya, ko in ba da a naɗa koyil?

A nan ne aktif ta fi fasif tsanani, kuma a nan nake ganin ana asarar kuɗi mafi yawa. Limitar da ke ciki an saita ta ne da wufar asali: om ɗinta, zafin da take ɗauka, nisan motsinta. Ba ta san ka canza ba. Da yawa daga aktif wufarsu mai om 4 ce, wasu ma ƙasa da haka. Ka sa mai om 8, ƙara ta ragu, tuwita ta rinjaye ta, sauti ya yi tsini. Ka sa mai om 4 inda aka yi wa 8, amfilifaya ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Ka sa mai rauni, limita ta ƙyale wutar da za ta ƙona ta ta wuce, domin a lissafinta komai lafiya.

Naɗin koyil sana'a ce, kuma akwai gwanaye a kasuwanninmu da suka ceto kaya masu yawa. Amma sai kaurin waya, yawan zagaye, tsawon naɗi da irin gam sun dace da na asali. Gam ɗin da ba na zafi ba zai saki tun kafin limita ta ga dalilin kamawa. Idan ana samun wufar asali ko kayan gyaranta na kamfani, su ne zaɓi na farko ko da sun fi tsada. Idan dole sai naɗi, a kai wa mai gyara tsohon koyil ya ƙirga ya auna, sannan daga ranar a ɗauki wannan sifika a matsayin wadda ba a kai ta ja. Haka dayafiram ɗin tuwita, wato ɗan faifan da ke karkaɗawa a cikinta: na kwaikwayo kan shiga daidai, amma jurewarsa daban.

Zan iya jan waya daga cikinta in ƙara wata sifika ko hon na waje?

Kada ka yi. Sifika ta biyu a kan wayar wufa tana raba om biyu, kuma tana rushe duk lissafin limita. Sannan a amfilifayoyi da yawa na Class D duka wayoyin biyu masu wuta ne, idan ɗaya ta taɓa jikin ƙarfe shi ke nan. Hon irin na hasumiyar masallaci kuwa ba a yi shi don bes ba, abin da ke zuwa wufa zai farfasa shi. Mafitar da aka rubuta wa THRU ko MIX OUT sigina kawai take bayarwa, wadda za ka kai wa wata aktif ko wata amfilifaya mai zaman kanta.

Jama'a sun fi ƙarfin sifikokina. Mene ne mafita?

A fili, duk ninka nisa sau biyu na cin desibel 6. Sifikar da ke ba da 124 a mita ɗaya, 100 za ta bayar a mita 16, 94 a mita 32. Ba wani maɓalli da zai rama wannan. Ɗaga ta sama da kawunan mutane ta karkato kaɗan, domin jikin sahun gaba na shanye siririn sautin da ke sa a gane magana. Idan filin dogo ne, a kai wasu sifikokin tsakiya maimakon tara su duka a gaba. Wannan kuma rahama ce ga na sahun gaba, waɗanda galibi yara ne da dattawa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren taro ya ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, kuma kunnen da ya lalace ba a naɗa masa sabon koyil.

Ta yaya zan gane abin da ya mutu kafin in kai wa mai gyara?

Fara da fitila. Idan ba ta kamawa sam, matsalar ta wuta ce: waya, fiyus, ko allon wuta. Idan fiyus ya ƙone ka sa irinsa ya sake ƙonewa, tsaya nan, kada ka ɗaura waya a madadinsa. Idan tana kamawa amma sauti ya dushe kamar daga bayan ƙofa, tuwita ce. Idan siriri ne kawai ba kauri, wufa ce ko amfilifayarta.

Zare soket, ka sa yatsu a kewayen tsakiyar takardar wufa ka tura a hankali, daidai wa daida. Lafiyayya na tafiya sumul ta dawo. Idan ka ji gurza, ko ta ƙi motsi, koyil ya kumbura ko ya lanƙwashe. Warin ƙonannen fenti daga ramin iska shi ma shaida ne. Da mita, wufa mai om 8 kan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 ta nuna wajen 3. Idan mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke.

In an buɗe, ka nemi ganin koyil ɗin da idonka. Wanda ya yi baƙi ko'ina zafi ne ya ci shi, sai ka duba yadda ake tsare fitila a ja. Wanda launinsa ke nan amma gindinsa ya murƙushe, bes ne ko bugun waya. Sannan kafin a ɗaura sabuwar wufa, mai gyara ya auna mafitar amfilifayar ya tabbatar ba ta fitar da wuta mai tafiya gefe ɗaya, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi tsohuwar cikin minti ɗaya. Allon wutar kansa kuwa a bar wa masani: manyan kafasitocinsa na riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare soket.